Unguwar Masu Lu'ulu'u a Birnin Antwerp

Birnin Antwerp yana arewacin ƙasar Beljiyam, a bakin wani babban kogi da ake kira Scheldt. Daga Brussels, babban birnin ƙasar, tafiyar ba ta kai sa'a guda ba a jirgin ƙasa. Gari ne na fatake tun zamanin dā, tashar jiragen ruwansa kuwa ita ce ta biyu wajen girma a dukan Turai. Amma abin da ya fi ɗaukaka sunan garin ƙanƙane ne ƙwarai, har ana iya ɓoye shi a ƙarƙashin farce. Shi ne dutsen nan da Turawa suke kira daimon, mu kuwa muna ce da shi lu'ulu'u.

Mun tafi can tare da wani ɗan ɗan'uwanmu, ɗalibi ne a ƙasar. An riga an kai gaisuwa gidan iyayen yarinyar da yake so, ita kuwa tana gida tana aikin jinya. Shekara biyu yana aikin dare a wani gidan abinci yana tara kuɗi, yana so ya kai mata zoben alkawari mai dutse na gaske. Tsoronsa ɗaya ne, kada a ɗora masa gilashi ya biya kuɗin lu'ulu'u, ko kuwa ya zuba dukan guminsa a kan zobe ya rasa abin haɗa lefe. Ya ce, “Baba, ku zo mu tafi tare, ido huɗu ya fi biyu.”

Tashar jirgin ƙasa ta Antwerp abin kallo ce. An buɗe ta a 1905, tana da babbar ƙubba da matakala na dutsen marmara, jirage kuma suna tsayawa hawa uku, wani bisa wani. Idan ka fito ta gefe ɗaya sai ka ga gidan namun daji. Ta ɗaya gefen kuwa kantunan zinariya ne a jere, tagoginsu cike da zobba. Baƙo yakan zaci ya iso kasuwar ke nan, amma waɗannan masu sayarwa ɗai-ɗai ne. Ainihin kasuwar tana bayansu.

TITI UKU

'Yan gajerun tituna uku ne, sunayensu Hoveniersstraat, Schupstraat da Rijfstraat. Cikin minti goma mutum zai ratsa su duka da ƙafa. Wanda yake sa ran ganin ƙyalƙyali zai sha mamaki, gama gine-ginen ofis ne kawai masu launin toka, ba ado, ba taga mai kaya. An kafa ginshiƙan ƙarfe a bakin hanya don tare motoci, na'urorin ɗaukar hoto suna kallon kowa ta kowace kusurwa, ga 'yan sanda.

Tsaron nan yana da dalili. A watan Oktoba na 1981 aka tayar da bom cikin mota a gaban wata ƙaramar majami'ar Yahudawa da take tsakiyar unguwar, mutum uku suka mutu. A watan Fabrairu na 2003 kuma waɗansu ɓarayi daga Italiya suka shiga ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa a ɗaya daga cikin gine-ginen, suka fasa akwatuna fiye da ɗari, suka kwashe dukiyar da aka ƙiyasta ta wuce dala miliyan 100. Abin da ya tona asirinsu shi ne sharar da suka zubar a wani daji, har da guntun burodin da aka ci aka rage. An ɗaure shugabansu, Leonardo Notarbartolo, amma yawancin duwatsun ba a sāke ganinsu ba.

Ciniki ya daɗe a nan. Tun a 1447 hukumar garin ta kafa doka ta hana sayar da duwatsun jabu, ka ga ashe masu ha'inci ba yau suka fara ba. A zamanin nan daga Indiya ake kawo lu'ulu'u. Daga baya aka same shi a Brazil, sa'an nan a Afirka ta Kudu a 1867. Yahudawa ne suka riƙe sana'ar shekaru masu yawa, har yanzu kuma za ka gan su da baƙaƙen riguna da huluna, suna wucewa a kan keke. An hallaka da yawa daga cikinsu a Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda suka tsira suka komo suka sāke tayar da kasuwar. Daga wajen 1960 sai Indiyawa 'yan jihar Gujarat suka fara zuwa, suna sayen ƙananan duwatsun da manya suka raina. Yau su ne suke riƙe da babban rabon cinikin.

Akwai manyan zaurukan ciniki huɗu a unguwar, wanda ya fi tsufa an kafa shi a 1893. Ba a shiga sai ɗan ƙungiya ko baƙonsa. A ciki, dutsen da ya fi gida tsada yana naɗe cikin 'yar farar takarda kamar ƙullin magani. Idan ciniki ya faɗa, sai a yi musafaha a faɗi kalmomi biyu na Ibrananci, ma'anarsu sa'a da albarka. Da an faɗe su magana ta ƙare, ko Bayahude ne ya faɗa ko Ba'indiye. Wanda ya tashi alkawari za a kore shi, a kafa hotonsa a zaurukan ciniki na sauran ƙasashe. Mun yi murmushi da muka ji wannan, gama a kasuwanninmu idan mai kaya ya ce “albarka”, ai cewa yake yi tayin bai yi ba.

ZOBEN ALKAWARI

Masu tarihi sukan ambaci shekarar 1477, sa'ad da Maximilian, ɗan sarkin Ostiriya, ya ba Maryamu ta Burgundy zobe mai lu'ulu'u. Ita ce take mulkin wannan yanki a lokacin, har da Antwerp. Amma al'adar ta zauna a gidajen sarauta da na attajirai ɗaruruwan shekaru. Talla ce ta kai ta gidan talaka. A 1947 kamfanin De Beers ya fito da taken tallarsa a Amurka, mai cewa lu'ulu'u ba ya ƙarewa, daga baya kuma suka riƙa koya wa samari cewa albashin wata biyu ne ya dace a kashe a kan zobe. Wannan ƙa'ida masu sayar da dutsen ne suka ƙaga ta. Mun faɗa wa yaronmu haka tun muna cikin jirgi.

Wani abokin aikinsa ya haɗa mu da wani dattijo mai ofis a hawa na sama na ɗaya daga cikin gine-ginen. Sai da muka ba da fasfo a ƙofa aka bar mu muka hau. Ɗakin ƙarami ne, tebur da farar takarda a shimfiɗe, fitila mai farin haske, ma'auni, ɗan hantsaki, da ɗan madubin da yake ƙara girman abu sau goma. Tagar tana duban arewa, domin masu sana'ar sun fi son hasken da ba rana kai tsaye a cikinsa.

Da abu huɗu ake auna darajar lu'ulu'u. Wata makarantar nazarin duwatsu ta Amurka, GIA, wadda aka kafa a 1931, ita ta daidaita wannan ma'auni, duniya kuma ta bi.

Na fari nauyi. Ana auna shi da karat, karat biyar ne giram ɗaya. Sunan ya fito daga ƙwayar wani itace da 'yan kasuwar dā suke auna zinariya da ita. Dutse mai karat ɗaya, idan kewayayye ne, faɗinsa wajen milimita 6 da rabi ne, kamar ƙwayar wake. Dattijon ya ajiye mana biyu gefe da gefe, ɗaya karat guda cif, ɗaya kuma ya gaza da kashi ɗaya cikin goma. Ba mu iya rarrabe su ba, amma kuɗinsu da rata mai yawa, domin mutane suna son su ce nasu karat guda ne.

Na biyu launi. Ana jera shi da haruffa daga D zuwa Z. D shi ne fari tas kamar ruwan sama, ana gangarowa kuwa rawaya tana shigowa kaɗan kaɗan. D, E da F su ne masu tsada. Gwanaye sukan kife dutsen a kan farar takarda su gwada shi da waɗansu duwatsun da aka riga aka san matsayinsu, gama ta sama ƙyallinsa yana rufe launin. Idan an ɗaura dutse a zoben zinariya mai rawaya, da wuya ido ya raba G da I.

Na uku tsabta. Lu'ulu'u ya samu ne can cikin ƙasa, zurfin kilomita 150 ko fiye, cikin zafi da matsi, yawancinsa kuma ya fi shekara biliyan ɗaya. Kusan kowanne yana da ɗan tabo a ciki, ko ɗigo, ko 'yar tsaga. Ana dubawa da madubin nan a ba shi matsayi. Waɗanda aka rubuta wa VS, da yawancin masu SI, ido kawai ba ya ganin tabonsu. Biyan kuɗi domin tsabtar da sai da madubi ake ganinta, a ganinmu, aikin mai abin hannu ne.

Na huɗu yanka, shi ne kaɗai aikin ɗan Adam a cikin huɗun, shi ne kuma dattijon ya ce kada a yi rowa a kansa. Ɗanyen lu'ulu'u ba shi da kyan gani, kamar guntun alif yake. Ba abin da yake cinsa sai ɗan'uwansa, don haka ana goga shi a kan faifan ƙarfe mai juyawa wanda aka shafa wa mai da garin lu'ulu'u. Rabin dutsen ko fiye yakan tafi a wajen gyara. A 1919 wani saurayi ɗan Antwerp, Marcel Tolkowsky, ya yi lissafin yadda za a karkata fuskokin dutsen domin hasken da ya shiga ta sama ya komo ta sama. Kewayayyen lu'ulu'u na yau yana da fuska 57, talatin da uku a sama, ashirin da huɗu a ƙasa. Idan an yanka shi da zurfi ainun, ko an baje shi ainun don ya yi kamar babba, sai hasken ya zube ta ƙasa, dutsen ya yi duhu. Wannan kam mun gani da idonmu. Ƙaramin dutse mai kyan yanka ya dushe babban da yake kusa da shi.

HASKEN DA YAKE ƁOYE

Sa'an nan dattijon ya ja labule, ya kashe fitila, ya kunna wata 'yar fitila irin wadda ma'aikatan banki suke gwada takardar kuɗi da ita. Duwatsu shida ne a kan tebur. Huɗu suka ɓace cikin duhu. Biyu kuwa suka kama haske shuɗi, ɗaya kaɗan, ɗaya kamar harshen wutar gas. Yaronmu ya ja da baya ya ce, “Baba, waɗannan biyun ai jabu ne.” Dattijon ya yi dariya ya ce duka shidan daga ƙasa aka haƙo su.

Wannan abu Turawa suna kiransa fuloresans, mu ce ɓoyayyen haske. Fitilar tana fid da wani irin haske da idon mutum ba ya gani, ana ce da shi ultrabayolet, akwai shi kuma cikin hasken rana. Waɗansu abubuwa sukan sha shi su mayar da shi da launin da ido yake gani. Kunama ma haka take yi, idan an haska ta da irin fitilar nan da dare sai ta yi kore-kore. Lu'ulu'u sinadari ɗaya ne da gawayi, sai dai an shirya ƙwayoyinsa da tsari dabam. A cikin waɗansu, ƙwayoyin naitirojin uku sukan taru kewaye da wani gurbi, su ne suke mayar da hasken shuɗi. Bisa ga ƙididdigar GIA, kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari na lu'ulu'u suna da wannan hali, kusan dukansu kuwa shuɗi suke bayarwa. Ƙalilan sukan ba da rawaya ko kore. Da an kashe fitila hasken ya ɗauke. Akwai wani shahararren dutse shuɗi mai suna Hope a gidan tarihi na Washington, shi kuwa bayan an kashe fitila yakan ci gaba da haske ja kamar garwashi na ɗan lokaci.

A takardar shaidar dutse ana rubuta ƙarfin wannan haske mataki biyar: babu, kaɗan, matsakaici, mai ƙarfi, mai ƙarfi ƙwarai. Ba ya cikin abu huɗun nan, ba ya kuma rage ƙarfin dutsen ko kaɗan. Duk da haka yana taɓa farashi, labarinsa kuwa yana da ban mamaki. A dā ana neman irin waɗannan duwatsu ido rufe, ana kiransu fari mai shuɗi, ana biya musu ƙari. 'Yan kasuwa suka riƙa laƙa wa kowane dutse sunan, har hukumar ciniki ta Amurka ta taka musu birki a 1938. Daga baya ra'ayin kasuwa ya juya. Yau dutse mai launin D, E ko F, idan an rubuta masa ɓoyayyen haske mai ƙarfi, sai an rage kuɗinsa kafin a saya.

Akwai ɗan dalili a ciki. Waɗansu duwatsu masu hasken ƙwarai sukan yi hazo a rana, kamar an ɗiga madara cikin ruwa, ko an shafa musu mai. Amma ba su da yawa, GIA ta ce ba su kai ɗaya cikin ɗari biyar na masu hasken ba. A 1997 makarantar ta yi gwaji, ta jera duwatsu a gaban gwanaye da mutane irinmu. Mutane irinmu ba su ga bambanci ba. Gwanayen kuwa, da suka duba ta sama, sau da yawa masu shuɗin ne suka fi yi musu fari.

Uwayen gida za su gane dalilin nan da nan. Farar riga idan ta fara rawaya, ai bula ake sa mata a ruwan ɗauraya, shuɗin ya kashe rawayar ta fito fes. Haka yake ga lu'ulu'u mai launin I, J ko K. Ɗan shuɗin da yake bayarwa a hasken rana yana rufe rawayarsa. Watau abin da kasuwa take ɗauka aibi ne ga dutse mai tsada, taimako ne ga dutsen mai ƙaramin ƙarfi.

Takarda ba za ta gaya maka ko dutse yana hazo ba. Dattijon ya buɗe labule, ya ba yaron hantsaki, ya ce ya duba a bakin taga, ya duba a ƙarƙashin fitila, ya kuma ajiye shi kusa da wanda ba shi da hasken. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Duk mai sayarwar da ya hana ka duba dutse a hasken rana, gara ka yi masa sallama.

NA ƘASA DA NA MASANA'ANTA

Akwai wata magana da ba a yinta a wannan unguwa da murya mai ƙarfi. Tun 1954 aka iya ƙera lu'ulu'u a masana'anta a Amurka, amma a 'yan shekarun nan ne ya cika kantuna. Lu'ulu'u ne sosai, sinadari ɗaya, tauri ɗaya, ko gwani ba ya raba su da madubi. Sai an kai ɗakin gwaji, inda ɓoyayyen hasken nan yake cikin abubuwan da suke nuna asalin dutse, gama na masana'anta yakan haskaka da wani tsari dabam. Kuɗinsa ya fāɗi ƙasa warwas, bai kai rabin rabin na ƙasa ba. Ba laifi ba ne saurayi ya saya, in dai ya san abin da ya saya, ya kuma faɗa wa yarinyar gaskiya. Laifin yana wurin wanda ya sayar da shi da sunan na ƙasa. Akwai kuma duwatsun kwaikwayo, irin su zirkoniya da moisanait, waɗanda ba lu'ulu'u ba ne sam.

Saboda haka takardar shaida ta zama dole. A Antwerp akwai ɗakunan gwaji sanannu biyu, HRD da IGI, ban da takardun GIA da suke yawo ko'ina. Sau da yawa ana zana lambar takardar a gefen dutsen da hasken leza, ƙanana ƙwarai, sai da madubi ake karantawa. A duba lambar ta dace da ta takarda kafin a biya.

Wani abu kuma da ya kamata a sani. Matanmu sun saba sayen gwal domin ajiya, ranar da ta ɓaci a kai kasuwa a auna a karɓi kuɗi. Lu'ulu'u ba haka yake ba. Wanda ya saya a kanti ya komo sayarwa, da ƙyar zai sami rabin abin da ya biya, na masana'anta kuwa ko hakan ba ya kaiwa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Yaronmu ya daɗe yana juya duwatsu biyu. A ƙarshe ya ɗauki wanda bai kai rabin karat ba, launin I, mai ɗan tabon da ido ba ya gani, yankansa na matsayin farko, ɓoyayyen haskensa matsakaici. A bakin taga ya yi fari tas, ba hazo. Aka ce ya komo bayan kwana huɗu a ɗaura masa a zoben zinariya. Kuɗin lefe bai taɓu ba.

KASUWAR TANA RAGUWA

Yawancin abin da ake juyawa a titunan nan daga ƙasashen waje ya zo, Beljiyam ba ta da ramin lu'ulu'u ko ɗaya. Kongo tana ƙarƙashin mulkinta har 1960. Akwai na Botswana, da Angola, da Kanada, da na Saliyo, da na Akwatiya a ƙasar Gana, inda Hausawa suka daɗe da zango. Waɗansu duwatsun sun sayi bindigogi a yaƙin Saliyo na 1991 zuwa 2002, da na Angola. Wannan ya sa aka kafa Tsarin Kimberley a 2003, wanda ya ce ɗanyen lu'ulu'u ba zai ƙetare iyaka ba sai da takardar gwamnati. A Antwerp akwai ofishi guda inda ake buɗe kowane ƙunshi mai shigowa ko fita a duba.

An daɗe ana cewa takwas cikin goma na ɗanyen lu'ulu'un duniya ta nan yake bi. Yanzu ba haka ba ne. Dubai ta janye babban rabo, daga farkon 2024 kuma ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigo da na Rasha. Aikin yanka ya riga ya ƙaura tun da daɗewa zuwa birnin Surat na Indiya, inda ake gyara wajen tara cikin goma na duwatsun duniya. Masu yanka da suke dubbai a Antwerp da ƙauyukanta wajen 1970, yau 'yan ɗaruruwa suka rage, manyan duwatsu masu wuyar sha'ani ake kawo musu. Wanda yake so ya ga tsofaffin kayan aikinsu sai ya gangara tsohon gari kusa da kogi, akwai gidan tarihi mai suna DIVA da aka buɗe a 2018.

Ran Jumma'a ce muka koma karɓar zoben. Tun kafin la'asar unguwar ta fara watsewa, Yahudawa suna sauri su isa gida kafin rana ta fāɗi, gama Asabar ɗinsu tana kamawa da faɗuwar rana. Indiyawa suka bi bayansu a hankali. Kafin ƙarfe shida ba kowa a titunan uku sai 'yan sanda, ba za a sāke buɗewa ba kuma sai Litinin da safe.